Tsaga Biyu a Kunnen Dama

Duk wanda ka tambaya a Rijiyar Gawo abin da ya kashe Ubale, zai ce maka bijimi ne. Har launin bijimin za su faɗa maka, da tsawon ƙahonsa, su girgiza kai su ce kwana ne ya ƙare. Ni kuwa ina wurin da idona biyu, kuma ni na riƙe ƙafafun gawar ana yi mata wanka. Shekarata ashirin ina dillancin shanu a karar Maigatari, kasuwar dabbobi, na ga sukar ƙaho iri-iri, amma ban taɓa ganin ƙahon da ya yi sara a miƙe a ƙeyar mutum ba.

Sunana Haladu. Ranar Alhamis dillali ne ni, idan kaka ta yi kuwa ganga nake rataya in bi 'yan kokawa. Ubale na fi daɗewa ina yi wa kiɗa. Shekara tara bayansa bai taɓa ƙasa ba, daga Gumel har Magarya, har cikin Damagaram. Ya ci babur, ya ci doki, buhunan gero kuwa sai a amalanke ake kwaso su. Da ƙarfinsa aka kai yayansa Ɗalha Makka, wannan "Alhaji" da ake kiransa yana wani kumbura, zufar Ubale ce. Da ƙarfinsa aka yi wa ƙanensa Cindo aure. Amma abin da ya fi so a ba shi a fage shi ne saniya, don gidansu gidan kiwo ne.

Karsanar farko da ya ci, ja ce, a Damagaram, shi ya sa ya laƙaba mata sunan garin. Ni na riƙe igiyarta ranar da muka kawo ta gida. Mahaifinsu, Baffa Manu, ya fito da 'yar wuƙarsa zai yi mata shaidar gida, wato tsaga biyu a kunnen dama, irin wadda ke jikin kowace dabba a garkensa. Na ja Ubale gefe na ce, "Ka yi mata taka shaidar daban mana, ko da ɗan huji ne a kunnen hagu."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Haba Haladu! Baffa na da rai in fitar da shaidata? A ce na raba gida da ubana?"

Tsohon ya ji mu, ya yi dariya, ya ce, "Tasa ce ai, kowa ya sani." Ya tsaga kunnen. Haka aka yi wa duk wadda Ubale ya ƙara cin, haka aka yi wa 'ya'yansu da jikokinsu. A cikin shanu arba'in da 'yan kai da tsohon ya mutu ya bari, goma sha bakwai na Ubale ne, kuma wallahi kowa ya sani.

Kafin tsohon ya rasu gwiwar Ubale ta riga ta tafi. A Magarya ne, wani yaro da bai kai ya riƙe masa takalmi ba ya faɗo masa a ƙafa, muka ji ƙas! Masu ɗori uku suka taɓa ta, kowa ya ƙara lalata ta. Babur ya tafi, doki ya tafi, filin da ya saya a Gumel ya bi su. Abokan da ke cika masa ƙofar gida kamar ana rabon zakka, duk suka tuna suna da aikin yi. Daga ƙarshe likita a Kano ya duba hoton ƙashin ya ce aiki za a yi, kuma kada a wuce damina, in ba haka ba ƙafar ce za a yanke. Shanu uku kacal za su isa. Wannan ƙafar ita ce duk maganar.

Bayan sadakar arba'in ɗin Baffa, Ubale ya dogara sandarsa ya sami Alhaji Ɗalha a rumfar ƙofar gida. Ina zaune, don a lokacin ni nake sayar wa Alhaji dabbobi. Ubale ya durƙusa da ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe kamar itace.

"Yaya Alhaji, so nake a ware mini shanuna. Uku zan sayar in je Kano, sauran su zauna inda suke."

Alhaji ya ci gaba da jan carbi, sai da ya kai ƙarshen zagaye sannan ya ɗago. "Waɗanne shanun naka?"

"Damagaram da zuriyarta, da sauran da na ci a fage."

"To. Ni dai da na leƙa garke shaida ɗaya nake gani, ta Baffa. Ba ƙi na yi ba, Ubale, kada ka fahimce ni a karkace. Dukiyar magada ce yanzu. In na ɗauki ko akuya na ba ka, me zan ce wa Allah?"

Ka ji mai tsoron Allah! A makon nan ma bijimai biyu ya ba ni daga garken na sayar masa, ya ce kuɗin hidimar gida ne. Hidimar gidan kuwa ita ce kwanon rufi sabo a ɗakin amaryarsa.

Ubale ya ce, "To a raba gadon, in ɗauki rabona."

Alhaji ya riƙe baki. "Subhanallahi! Inna na da rai? Ƙasar kabarin Baffa ba ta bushe ba mu kama rabon shanu a gaban idonta? Kai ba ka jin kunya, ni ina ji."

Ubale ya shiga wurin Inna, mahaifiyarsu. Tsohuwa ce mai yawan salla, ba ta da mugunta a fuska, amma tuwonta daga ɗakin Alhaji yake fitowa, kuma ta san da haka. Ta saurare shi tana kaɗa nono, ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗan nan. Babba babba ne. Kada ka tona mana asiri a gari, a ce 'ya'yan Manu na faɗa kan wutsiyar saniya. Ka shafa man shanu da ɗumi, Allah ne mai warkarwa."

Cindo kuwa, wanda yake kiwon garken, ko kara bai yi ba. A bakin masallaci ya ce, yadda kowa zai ji, "Ai Yaya ya ci zamaninsa. Lokacin da ake masa kiɗa yana watsa kuɗi, mu muna daji rana na gasa mu. Waye ya yi kiwon shanun? Da bakinsa suka haihu?" Ya manta cewa kuɗin da ake watsawar, a aljihunsa rabinsu ke sauka. Matar da yake kwana da ita ma, sadakinta daga fagen Sule Tankarkar ya fito.

Damina ta zo ta wuce. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, ta fara tsatsar ruwa. Ubale yana da mata, Laure, da 'ya ɗaya, Safinatu, kuma ciki ba ya jiran rabon gado. Sai ya fara zuwa kara ranar Alhamis yana lodin shanu a tirela. Aikin ƙarti ne: ka kama ƙaho, ka murɗe wuyan dabba, ka tura ta kan gadar katako. Hannuwansa na nan da ƙarfinsu, idan ya damƙi bijimi sai ya durƙusa. Ƙafar ce ba ta bin umarni. Ran nan wani ɗan maraƙi ya fizge shi, ya faɗi rigingine cikin kashin shanu. Yaran mota suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Yau dai bayan ya taɓa ƙasa!" Ni da na yi shekara tara ina kiran sunansa da ganga, na juya kai na yi kamar ina duba haƙoran wata saniya.

Da ya kasa lodi, sai ya koma riƙe wa fatake igiya a inuwa, a ba shi abin da aka ga dama. Daga nan aka shiga sayar da kayan ɗaki. Gadon Laure ya fita, kwallayenta suka fita, rediyo ya fita. Abu na ƙarshe da na ga ya sayar shi ne kayan fagensa. Ya zo da su a ƙunshe cikin tsumma, guru da kambu da layun da ake cewa saboda su ƙarfe ba ya cinsa. Wani saurayi ɗan kokawa daga Gagarawa ya saye su a bayan rumfar masu shayi. Ubale ya karɓi kuɗin bai ƙirga ba, ya wuce kemis ya sayi ƙwayar rage zafi da bandeji, ragowar ya auno gero.

Ya gan ni ina kallonsa, ya yi 'yar dariya. "Kada ka faɗa wa kowa, Maiganga. A bar ni da ɗan kwarjinin da ya rage."

A shekara ta biyu ƙafar ta fara wari. Idan ya shiga sahu a masallaci sai ka ga mutane suna matsawa, kowa na tari. Matan gidan suka hana 'ya'yansu shiga sashen Laure. Alhaji ya aiko masa da turare ɗan goma da saƙon cewa ya riƙa salla a gida, shari'a ta yi masa rangwame. Rangwamen shari'a dai Alhaji ya san shi, abin da bai sani ba shi ne hanyar Kano.

Da abin ya ishi Ubale ya kai ƙara wurin mai unguwa. Mai unguwa ya kira malamin da ke rabon gado a yankin, malam ya ce magana mai sauƙi ce: shaidar kunne ta nuna na marigayi ne, amma in Ubale ya kawo mutum biyu da suka ji marigayin ya ce shanun nasa ne, za a ware masa. Aka sa ranar Litinin. Mutum biyu! A garin da kowa ya sani.

Ubale ya bi gida-gida yana jan ƙafa. Wannan ya ce ya manta, wancan ya ce ba ya shiga tsakanin 'yan'uwa, wani ya ce shi lokacin yana ci-rani. Wani tsoho, Dogo, wanda ya yi wa Baffa Manu kiwo a da, shi kaɗai ya ce zai zo ko da rarrafe. Saura ɗaya. Ubale ya same ni a ƙofar gidana da hantsi, ya zauna a kan turmi don ba ya iya kaiwa tabarma.

"Haladu, kai ka riƙe igiyar Damagaram. Kai ka ce in yi mata shaida daban, na ƙi ji. Ka tuna abin da Baffa ya ce?"

"Na tuna."

"To shi kawai za ka faɗa. Ba na so ka ƙara ko kalma."

Na bugi ƙirji na ce, "In dai ina numfashi, Litinin ina gaban mai unguwa."

Ranar Asabar Alhaji Ɗalha ya tsaya da mota a ƙofar gidana, abin da bai taɓa yi ba. Bai ambaci Ubale ba sam. Ya tambayi iyali, ya ba yara alewa, ya ce akwai wasu fatake daga kudu da za su riƙa ɗaukar tirela guda duk mako ta hannunsa, yana neman dillali mai riƙe amana, mai kame bakinsa. Ya ce ranar Litinin yake so in je Gagarawa in dubo masa wasu shanu, ga kuɗin mota. Na dubi kuɗin. Na san abin da ake saya, shi ma ya san na sani. Na ce wa zuciyata ina da 'ya'ya bakwai, kuma ai Dogo zai je, kuma ai gaskiya ba ta ɓata. Ka ga ni ma na iya irin maganar Alhaji.

Litinin na tafi Gagarawa. Shanun da na je dubawa ko awa ɗaya ba su ɗauke ni ba, na zauna a tasha ina cin gyaɗa har la'asar. An ce Ubale ya yi ta waiwayen hanya, yana cewa a ɗan ƙara jira, Haladu ba ya saɓa alkawari. Dogo ya yi rantsuwa ya faɗi abin da ya sani. Malam ya ce shaida ɗaya ba ta isa ba, ya naɗe buzunsa.

Ubale bai zo ya zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Da muka haɗu a hanya cewa ya yi, "Ka dawo lafiya? Ya Gagarawa?" Ya wuce.

Ranar Laraba ta makon da ya biyo, da hantsi, na je rijiyar bayan gari inda Cindo ke shayar da garken, don in zaɓi waɗanda za a kai kasuwa gobe. Rani ne, Cindo na rataye da gatarin da yake sassabo wa shanu ganyen gawo. Alhaji na tsaye a inuwa yana nuna mini da baki. Sai ga Ubale, da sanda a hannu ɗaya, igiya a ɗaya. Ya rame har wuyan rigarsa na zamewa, ƙudaje na bin ƙafar. Tafiyar da yaro zai yi cikin minti biyar, ya fi rabin awa yana yin ta.

Ya yi sallama, ya gaida yayansa yadda ya saba. Sannan ya ce, "Yaya Alhaji, likita ya ce yanzu ba maganar gyara ake ba, yankewa za a yi, in an yi jinkiri kuma har ni za ta tafi da ni. Mutane sun ƙi shaida. To bari mu ji ta bakin dabba."

Ya juya wajen garken ya yi wata 'yar fito, ya kira, "Damagaram! Ke ja, taho!"

Tsohuwar saniyar na can ƙarshe, kanta cikin kwami. Ta ɗago. Ta ratso shanu arba'in, tana ture na turewa, ta zo ta sa hancinta a ƙirjinsa tana lasar rigarsa. A duk Rijiyar Gawo, da masu carbi da masu rawani da mai ganga, ita kaɗai ta ba da shaida.

Ubale ya zura mata igiya a wuya. "Ita kaɗai zan ɗauka. Ta tsufa, ko rabin kuɗin ba za ta kawo ba, amma zan fara da ita. Sauran na bar ku da Allah."

Alhaji ya ce, "Cindo, kana kallo za a yi mana fashi da rana tsaka?"

Cindo ya sha gabansa. "Yaya, saki igiyar nan."

"Matsa, Cindo. Ni na goya ka."

Cindo ya kama igiyar ya ja. Ubale ya sa hannu ɗaya, ɗaya tak, ya ɗauke shi ya ajiye gefe kamar an ajiye buhun ƙaiƙayi. Bai buge shi ba. Cindo ya faɗi zaune cikin taɓo, matan da ke ɗiban ruwa can nesa suka yi dariya. Ubale ya juya ya fara jan saniyarsa, yana ɗingishi. Taku huɗu ya yi. Na ga Cindo ya tashi, na ga ya zare gatarin daga kafaɗa, na ga ya ɗaga da hannu biyu. Ina da baki, bakin da ake ji daga wannan ƙarshen fage zuwa wancan. Ban ce komai ba.

Ubale ya faɗi ta fuska, igiyar na hannunsa. Ƙafar mai ciwo ta ɗan yi motsi, shi ke nan.

Cindo ya yar da gatarin ya ɗora hannu a ka. "Wallahi na ɗauka ƙarfe ba ya cinsa! Kowa ya san ƙarfe ba ya cin Yaya! Tsorata shi kawai na so in yi!" Wai tsoratarwa, a ƙeya, da hannu biyu. Ko layun na aiki ko ba sa yi, Allah ne masani, ni dai na san suna Gagarawa a ƙugun wani, an musanya su da bandeji da tiya biyu ta gero.

Alhaji bai ko durƙusa ya duba ɗan'uwansa ba. Ya kalli matan, ya ga shanu sun kare su, ba su ga saran ba. Ya ɗauki gatarin ya jefa cikin rijiya. Ya dafa jinin, ya je ya shafa a ƙahon wani baƙin bijimi da ke tsaye yana tuƙa. Sannan ya dube ni, ya ce a hankali, "Malam Haladu, ka ga yadda bijimin nan ya yi masa, ko?" Daga nan ya fasa salati da ƙarfi, har da hawaye. Wallahi da hawaye.

An faɗa wa Inna gaskiya a cikin ɗaki, don Cindo ya kasa riƙe kansa, ya faɗa jikinta yana kuka. Ina bakin ƙofa na ji ta. Ta ce, "Na rasa ɗaya, ba zan rasa biyu ba. Bijimi ne." Alhaji ya ƙara da cewa in magana ta fita, ban da ɗauri, Cindo ba zai ci gadon mamacin ba, don wanda ya yi kisa ba ya gadon wanda ya kashe, ga shi da ƙananan yara. Ka ji inda tausayinsu ya nufa. Gawa na kwance a tsakar gida ba a rufe ta ba, ana lissafin wanda zai gaje ta.

Mu uku muka yi wankan, har da limamin garin. Limamin ya ga ƙeyar, ya dube ni, na dubi ƙasa, ya ce a miƙo likkafani. Bayan la'asar aka binne shi. Jama'a ta taru har daga Nijar, tsofaffin 'yan kokawa da ya kayar suka zo suna kuka. Mutanen da suka kasa taka ƙofar mai unguwa ranar Litinin, duk ga su a sahun gaba, kowa na ba da labarin yadda suke da marigayi.

Ranar sadakar uku aka yanke wa baƙin bijimin hukunci. Alhaji ya ce ba zai iya ganin dabbar da ta kashe ɗan'uwansa tana yawo a garke ba. Aka yanka shi, aka yi tuwo da miya har da ragowa. Gari ya ci, ana ta yaba zumuncin Alhaji. Ni ma an miƙo mini ƙwarya, da tsoka biyu a sama, kuma na ci.

Rabon gadon da kunya ta hana a yi shekara biyu, sai ga shi an yi kwana arba'in da binne Ubale, Inna na zaune da ranta, ba wanda kunya ta kashe. Aka haɗa shanun duka a matsayin na Baffa, waɗanda suka rage bayan hidimar gidan Alhaji. Aka fitar da kason Ubale, aka sake raba shi. Da yake 'ya mace kaɗai ya bari, bayan an ba ta nata, an ba Laure da Inna, ragowar ta koma hannun 'yan'uwansa maza. Malam ya karanto, Cindo ya miƙa hannu ya karɓi igiya, da hannun nan dai. Safinatu da uwarta suka tashi da 'yan ramammu huɗu, waɗanda Alhaji ya zaɓa musu da kansa. Damagaram ta faɗa rabon Cindo.

Da Laure ta fita takaba za ta koma gidan iyayenta a Sule Tankarkar, ta biyo ta ƙofar gidana da 'yarta da ƙunshin kayansu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam Haladu, ni na wanke rigarsa. Ta baya jinin ya zubo. Bijimin da ya soki mutum a ƙeya, tsani ya taka?"

Na ce, "Laure, sai haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

Ta ce, "Haka kowa ke cewa. Ranar Litinin ɗin nan, da ya dawo daga wurin mai unguwa, ya ce mini kada in riƙe ka a zuciya, wai kana da yara. Shi ne na ce bari in faɗa maka, don ka san ya yafe. Ni ban yafe ba." Ta ɗauki kayanta, ta kama hannun yarinyar, suka nufi bakin titi.

Alhamis ɗin da ta biyo Cindo ya kawo mini Damagaram kara. Ya ce tun ranar ba ta yarda ya matso ta, kuma idan ta dube shi ba ya iya cin abinci, in rabu da ita ko nawa ne. Wani bafatake mai kai shanu kudu ya taya, muka daidaita. A kara akwai ƙa'ida: ba a biyan kuɗin dabba sai dillali ya tsaya mata, ya shaida a gaban mutane cewa ya san mai ita, ba ta sata ba ce. Aikinmu ke nan, shi ake biyanmu la'ada a kai.

Bafataken ya kama kunnenta na dama, ya shafa tsagar nan biyu da babban yatsa. Ya ce, "Shaidar gidan wa ce wannan?"

"Gidan marigayi Manu, na Rijiyar Gawo."

"Wannan ɗansa ne? Tasa ce halak malak?"

Cindo na kallon ƙasa. Saniyar na kallona.

"Haladu, da kai nake. Ka shaida?"

Shaidar da Ubale ya ja ruɓaɓɓiyar ƙafa har ƙofar gidana yana roƙo, wadda da na ba shi da yanzu yana zaune a inuwa da ƙafa ɗaya yana wasa da 'yarsa, ita ce aka tambaye ni a tsakiyar kasuwa. A wannan karon ban tafi Gagarawa ba.

Na ce, "Na shaida."

Aka ƙirga wa Cindo kuɗinsa, aka ba ni la'adata. Ƙarti huɗu suka taru a kanta, ta ƙi hawa gadar, suna duka suna murɗa wutsiya, har wani tsohon direba ya ce, "Kai, ina Ubale! Da shi ne da hannu ɗaya zai hau da ita." Aka yi dariya, aka ce Allah ya jiƙansa, bijimi ya cuce mu.

Alhaji Ɗalha yanzu shi ke jan salla idan liman ya yi tafiya. Cindo ya ƙara aure. Gatarin na nan a ƙasan rijiya, kuma duk garin daga ita muke sha. Idan kun zo Rijiyar Gawo kuna son ganin waɗanda suka kashe Ubale, ba sai kun tambayi gidan Manu ba. Ku tsaya a bakin masallaci bayan la'asar, ku dubi duk wanda ya fito. Na ƙarshen fitowa, mai furfura a gemu, wanda gangarsa ke rataye a zaure gara na cinta, ni ne.